Shekarar da Muka Ce Makka Ta Hau wa Alhaji Kai

Ni mutum ne mai mantuwa, musamman idan abin ya shafi aike ko aikin gayya. Ɗan karatun da aka ɗura mini a aji biyu ma tun kafin in kai ƙofar gida ya zube a hanya. Amma akwai wani yini da na yi a Zariya tare da taubashina, wanda ban jin zai bar zuciyata sai ran da ƙasa ta rufe mini ido. Shekaru sun ja yanzu, gemuna ya yi fari fat, amma in na tuna sai in ji kamar jiya ne.

Uwata da ubansa ciki ɗaya suka fito, ni ɗan mace, shi ɗan namiji. Kun dai san yadda abin yake tsakanin taubasai: ka faɗa wa ɗan'uwanka duk abin da ya zo bakinka, ko a gaban surukansa ne, ba shi da damar yin fushi, sai dai ya rama. A ƙauye ɗaya muka tashi, nan kusa da Bakori, gonakinmu kuma iyaka ɗaya. Shi bai taɓa kirana da sunan yanka ba, sai dai "Bawa", wai ɗan mace bawan ɗan namiji ne. Ga kowa a garin mutum ne mai kamun kai, ba ya yawan magana, in an yi rikici shi ake kira ya sasanta. Amma da ya hango ni sai bakinsa ya zama aska.

Ba na mance wata damina ina huɗa, ya tsaya a kan iyaka ya riƙe ƙugu yana kallon kunyoyina. Ya ce, "Bawa, kai ka yi wannan huɗar ko maciji ne ya bi ta nan yana maye?" Na ce ai masara ba ta san miƙaƙƙe da karkatacce ba, taki ta sani. Ya ce, "To takin ma ai a gonata kake shaƙo mata ƙanshinsa." Haka muke tun muna tsallen kwaɗo har muka fara ajiye jikoki. Kuma gaskiya ɗaya ce, ban taɓa cin sa ba. Kafin in rufe baki ya mayar mini, mutane su yi ta dariya, ni ma in taya su, don daɗin abin ke nan.

Wata shekara masara ta yi kyau, Allah ya kira shi aikin Hajji. Ya tafi ya dawo lafiya, da haƙorin Makka da farar hula, muka sha zamzam muka ci dabino. Daga nan ne fa aka fara ƙananan maganganu. Alhaji ya koma tafiya kansa a sama, wuya a sandare kamar an sa masa kara. Idanunsa a buɗe tar, ba ya ko ƙiftawa. Yara su zo su durƙusa su gaishe shi, ba zai dube su ba, sai dai ya zuba ido can saman kawunansu. Mata su rusuna a bakin hanya, haka. In an kawo tuwo a majalisa, sai ya riƙa laluben kwanon ba tare da ya sunkuya ba, miya na ɗiga a gaban rigarsa. Mutane suka ce wato yanzu tuwon namu ma ya fi ƙarfin kallonsa. Magana ta zagaya gari: Makka ta hau wa Alhaji kai.

Ni da farko ban yarda ba. Na ce ku bar ni da shi, ni na san inda zan taɓa ya sauko. Ranar wani suna, an cika ƙofar gida maƙil, ana raba goro, na je na zauna dab da shi na ɗaga murya yadda kowa zai ji. Na ce, "Alhaji, an ce a Makka an ga wani baƙauye yana bin Larabawa shago-shago yana tambayar inda ake sayar da daddawa. Ka haɗu da shi?" Wuri ya ɗauki dariya. Kowa ya juya yana jiran yadda zai yanka ni.

Shiru. Fuskarsa ko motsi, kamar an sassaƙa ta da icce. Bai dube ni ba, bai murmusa ba, bai ɓata rai ba. Dariyar mutane ta yi ta raguwa har ta mutu, sai tari da gyaran murya. Wallahi da marina ya yi da ya fi mini sauƙi. Taubashi ya yi maka shiru a bainar jama'a, ai ya ce ba ka kai ya amsa maka ba ke nan. Na tashi na kaɗe rigata, na ce, "To, Allah ya ba mu abin zuwa mu ma," na yi tafiyata.

Tun daga ranar na ɗauke ƙafa daga gidansa. Kuma da yake bakina ba ya zama haka nan, na laƙaba masa suna Raƙumi, sunan ya kama gari kamar wutar kara. Uwargidana ta yi ta fama da ni, tana cewa, "Malam, ka je ka ga ɗan'uwanka, wannan ba halinsa ba ne." Na ce in yana nemana ya san hanyar gidan bawansa.

Da baki nake faɗa, amma abin da ke cikina daban. Damina ta sauka, aka yi shuka, aka yi noman fari, ban ga ƙeyarsa a gona ba, sai 'yan ƙwadago. Sau da yawa ina tsakiyar aiki wata magana mai daɗi za ta faɗo mini, in ɗago kai in juya wajen iyaka in jefa masa, sai in ga dawa kawai tana kaɗawa. In haɗiye abata. Maganar tsokana kuwa in ba ta sami mai ramawa ba, a ciki take ruɓewa. Na gwada wasu a kasuwar Bakori, wani ya yi fushi, wani ya yi dariyar yaƙe, wani ya ce in ji tsoron Allah na tsufa. Ba wanda ya iya. Ashe shekara da shekaru ba ni ke da ban dariya ba, mu biyu ne.

Duk wannan lokacin ina jin labari sama-sama cewa ana yawo da shi. Babbar 'yarsa, wadda ke aure a Funtuwa tana koyarwa a makaranta, ita ta tsaya. Sunan mahaifiyata aka sa mata, don haka ni "Uwata" nake ce mata. An fara da mai kemis, ya auna ya ce hawan jini ne. Aka je wajen masu duba ido, ya karanta duk abin da ke jikin bango har da ƙanana, aka ba shi tabarau aka ce ba wata matsala. Ya fara faɗuwa, kuma kullum ta baya, kamar an ja shi. Nan dangi suka ce ai ga ta nan, jifa ne, masu baƙin cikin Hajjinsa ne. Aka sha rubutu, aka yi hayaƙi. Wani likita ya ce alamun ƙaramin shanyewar jiki ne. Wani kuma a Funtuwa ya ce ya fi kama da ciwon nan da ke sa tsofaffi karkarwa, duk da hannunsa ba ya rawa, ya ba shi magani. Ya ɗan ji dama kaɗan, daga baya abin ya koma gidan jiya. Ni kuwa da na ji, sai na ce mai tafiya yana kallon sama ai dole ya faɗi. Kun ji irin ilimin ɗan aji biyu.

Ana gab da kaka, wata rana da hantsi ina zaune a zaure ina gyaran igiya, sai ga ta ta yi sallama. Ta durƙusa muka gaisa, ta ce, "Baba, an tura mu wajen likitan ƙwaƙwalwa a Zariya. Mun je sau ɗaya an ɗauki hoton kansa. Ya ce in za mu koma mu zo da wanda ya fi kowa sanin yadda yake a da."

Na ce, "Uwata, ki nemi wani Alhaji ɗan'uwansa. Mutumin da ba ya iya kallona me zan je in ce a kansa?"

Ta ɗago ido ta dube ni, abin da ba ta taɓa yi ba. Ta ce, "Baba, ni ma ba ya kallona. Ran nan na ɗora masa jaririna a cinya, yana ta shafa kan yaron da hannu, hawaye na zubo masa, amma bai dube shi ba. Shi ma jaririn girman kai yake yi masa?"

Igiyar ta faɗi daga hannuna. Na ce mata yaushe ne tafiyar.

Muka hau bas daga Funtuwa. An sa shi a gaba, ni ina bayansa ina kallon ƙeyarsa. Ya rame, hular ta yi masa yawa. Mun gaisa da safe, ko in ce na gaishe shi, na ji wani abu kamar gunaguni ya fito daga maƙogwaronsa, ban tsaya saurare ba na shige mota.

Likitan wani dattijo ne mai sanyin magana. Ya zaunar da ni ya yi ta yi mini tambayoyi kamar alƙali. Yaya tafiyarsa take da? Yana da saurin magana? Yaushe na fara ganin canji? Da ya tambaye ni ko kafin ya tafi Makka ya taɓa faɗuwa, sai na tuna wata rana a bakin rijiyar gona, ya yi baya-baya ya zauna daɓas ba abin da ya taɗe shi. Har a ranar na ce masa ƙasa ce ke gaishe da ubangida. Likita ya gyaɗa kai ya ce, "To ka ga tun lokacin abin ya fara." Wato Makkar da muka ɗora wa laifi ba ruwanta.

Sai ya ɗauki biro ya riƙe a gaban fuskar Alhaji, ya ce ya bi shi da ido kar ya motsa kai. Ya kai dama, ido ya bi. Ya kai hagu, ido ya bi. Ya saukar da biron ƙasa a hankali. Idanun suka tsaya cak inda suke. Na ga jijiyar goshin Alhaji ta tashi, na ga gumi ya tsatso masa, yana ta ƙoƙari kamar mai ɗaga buhu, amma ƙwayar idon ta ƙi sauka. Likita ya sa hannu biyu ya kama kansa ya ɗan tura baya, sai ga idanun sun gangaro da kansu. Ya ce, "Kun gani? Idon lafiyarsa lau, shi ya sa masu duba ido ba su ga kome ba. Mai ba idon umarni ne ya gaza."

Ya ce in tsaya a bayan Alhaji. Ya miƙar da shi tsaye, ya ɗan ja kafaɗunsa kaɗan, irin jan da ko yaro ba zai motsa ba. Alhaji ya taho gaba ɗaya kamar kara, ya faɗo ƙirjina. Na rungume shi. Rabon da jikina ya taɓa nasa har na manta. Mutumin da ke kayar da ni a kokawa muna samari, na ji shi sakayau kamar damin harawa.

Likita ya ɗaga hoton ya nuna mana wani wuri can ƙasan ƙwaƙwalwa, wajen da take haɗuwa da wuya. Ni dai ban ga kome ba sai abu kamar gyaɗar da aka ɓare. Ya ce nan wurin ne ke kula da ɗaga ido da saukar da shi, da tsayuwar mutum, da motsin fuska, har da haɗiya, kuma na Alhaji yana ƙanƙancewa a hankali. Uwata ta tambaye shi me ya sa duk inda aka je ba a gane ba. Ya ce, "Kar ki ga laifinsu. Irin waɗannan cututtuka a farkonsu kamar tsiron dawa da na gero suke, sai sun girma ake bambancewa. Ba gwajin jini da ke nuna shi. Hoton ma taimako kawai yake yi. Ni kaina ba zan rantse miki ba, sai dai in ce duk alamu nan suka nuna. Kuma ba zan ɓoye muku ba, ba mu da maganin da ke tsayar da shi. Akwai dai abubuwan da za su sauƙaƙa masa."

Na ce, "Likita, hankalinsa fa? Yana jin abin da muke faɗa?"

Ya ce, "Sarai yake ji, Malam. Yana ganewa. Amsar ce ke daɗewa a hanya, kamar motar kaya a hanyar ƙauye da damina. Tana tafe, sai dai ba ta sauri. In kun yi masa magana ku jira shi. Yawancin mutane kafin ta iso sun tashi."

Kafin ta iso sun tashi. Nan take ƙofar gidan sunan nan ta dawo mini, da ni ina kaɗe riga. Wa ya san abin da ya ɗauko mini a ranar, yana turo shi a hankali, ya iso ya tarar ba kowa?

Muka fito. Uwata ta zaunar da shi a kan wani benci a inuwar dalbejiya, ta ce bari ta je ta karɓo magani. Aka bar mu mu biyu. Rana ta take, mutane na ta wucewa da kwanukan abinci da ledoji. Na zauna gefensa, sai na tuna ba zai gan ni a nan ba. Na tashi na tsaya a gabansa, na daidaita fuskata da inda idanunsa suke kallo. Ga ni gajere, sai da na ɗan yi ɗage. Idanunmu suka haɗu. Yana nan ciki. Wallahi yana nan, shi ɗin dai, yana leƙo ni ta cikin wannan fuska da ta ƙi motsi.

Na so in ce wani abu na hankali, irin na manya, amma ban taɓa koya ba. Abin da na iya shi ya fito. Na ce, "To Alhaji, ka ji dai, likita ya ce ƙwaƙwalwarka ta ƙanƙance. Ni abin da ya ba ni mamaki ma, da aka duba aka same ta."

Na ce yau ko za a kwana a nan sai na jira.

Ba abin da ya motsa. Wata mai talla ta zo ta tsaya ta gaji ta wuce. Zuciyata ta ce, kai tsohon banza, mutum na fama da ransa ka zo kana yi masa shaƙiyanci. Ta ce likita lallashinka kawai ya yi. Sau biyu ina buɗe baki in ce wasa nake, ina rufewa. Aka fara kiran sallar azahar a wani masallaci can nesa, har aka gama. Sai na ga leɓensa na ƙasa yana rawa. Na matsa na kai kunnena. Muryar ta fito a shaƙe, kalma ɗaya-ɗaya, kamar ana jawo guga daga rijiya mai zurfi.

"Bawa... tawa... raguwa ta yi." Ya tsaya ya huta. Ban motsa ba. "Taka... tun farko... ba a zuba ba."

Na fashe da dariya har na durƙushe a ƙasa, na riƙe gwiwoyinsa. Ina dariyar ban san lokacin da ta juye ta zama kuka ba, ni da furfurata, a tsakiyar asibiti, mutane na tsayawa suna cewa sai haƙuri, sun zaci rasuwa aka yi. Fuskarsa tana nan yadda take, amma na ji gwiwoyin suna girgiza a hannuna. Dariya yake yi. Uwata ta taho da gudu da ledar magani, tana cewa, "Baba, lafiya? Me ya faru?" Na ce, "Uwata, ubanki ne ya zage ni. Alhamdu lillahi, ubanki ya zage ni."

Daga ranar kullum bayan la'asar ina zaurensa. Na kifa turmi na ɗora kwanonsa a kan turmin don abinci ya zo daidai idonsa. Na bi majalisa da masallaci ina faɗa wa mutane abin da likita ya ce, na ce duk mai son Alhaji ya gan shi ya gaishe shi a tsaye. Abin ya yi wa mutane nauyi, yaro ya tsaya ƙiƙam a kan dattijo, amma a hankali aka saba. Tsokana ɗaya nake zuwa da ita a yini, don ita ce ƙarfinsa ke ɗauka. In jefa, in zauna, wani lokaci sai an kusa magariba amsar za ta iso. Kuma ko sau ɗaya ban ci shi ba. Daga baya muryar ta tafi gaba ɗaya, sai dai ya matse mini yatsa, in ce, "Na ji, ka rama." Allah ya karɓi abinsa wata kaka, ana tsakiyar yankan dawa. Allah ya jiƙansa, ya sa can ta fi masa nan.

Har yau abin da ke ci mini rai shi ne wannan damina guda da na yi ban taka gidansa ba, lokacin da bakinsa ke da sauran ƙarfi. Maganganu nawa ya tanadar mini da ban je na karɓa ba, Allah kaɗai ya sani. Da za a ce in zaɓi abu ɗaya a dawo mini da shi a duniya, ba ƙuruciya zan ce ba, wannan daminar zan ce.

Hausawa na cewa labarin zuciya a tambayi fuska. Ni dai na ga inda fuska ta yi wa zuciya ƙarya, gari guda muka gaskata ta. Abin da na koya shi ne, in mutumin kirki ya canza hali rana tsaka, kafin a ce ya lalace a fara tambaya ko lafiya, a kai shi inda za a duba, in ba a gane ba a sake komawa. Yanzu kuwa in na yi wa tsoho magana ya yi mini shiru, ba na cewa kome a raina. Sai in gyara zama.